MATAR DA BILYAMIN YA KASHE

Shafi na 19

Wasan da ba a taɓa nunawa a talabijin ba ne ya fita duniya, duniya kuma ta ɗauka gaske ne.

Abin da ya lalace ke nan.

Ana saura kaɗan yaƙi ya tashi aka ɗauki wasan a Umdurman. Yaƙi ya zo, aka fasa ofishin masu wasan, aka kwashe kwamfutoci. Wani mara aikin yi ya tono guntun da Bilyamin ke ciki ya watsa a waya. Ba kiɗa, ba sunayen 'yan wasa, ba komai. Mutum ne dai da kaki da bindiga ya banke ƙofa, ya ture wata mata da ta rufe fuska da koren tob, irin dogon mayafin matan ƙasar, ta faɗa kan murhun gawayi, ya harbe ta. Jini ya malala a ƙasa.

Matar kuwa ba da Larabci ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Wayyo Inna, hannuna."

Maganar nan ita ta gama da Bilyamin a ƙauyensu na Hausawa, Hillar Usmanu. Da da Larabci ta yi ihun, da an sami mai cewa a bincika. Amma Bahaushiya ce. Tasu ce. Ɗan hilla ya je birni ya harbe 'yar uwarsa.

Yanzu ga shi a kulle a ɗakin riɗi, cikin gidan wansa Malam Sa'idu, limamin hilla. Samarin da ke tsaron shingen hanyar Abu Hujar sun ce bayan la'asar za su zo su kai shi gaba. Inda suke kira gaba ɗin, ba wanda aka kai ya dawo ya ba da labari. Malam ne ya roƙa a bar shi a gida kafin lokacin, ya tsaya masa. In ya gudu, gidan ne zai amsa.

Rana ta hau kan kwanon rufi. Bilyamin na zaune kan buhu, riga ta manne masa a baya. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma rami ce da ko kai ba zai shiga ba.

Duk zamansa na Umdurman kumbars yake, wato irin waɗanda ake sawa su cika wuri a bayan manyan 'yan wasa. Ya yi mai gadi. Ya yi mai tallan ruwa. Ya yi mai yankan farce a bakin kasuwa, ana ce masa ya karya Larabcinsa don a yi dariya, alhali ya fi mai shirya wasan iya Larabcin. Amma abin da ya fi yi shi ne gawa. In ana neman wanda zai kwanta a rana, ƙuda ya hau hancinsa bai motsa ba, Bilyamin ake kira. Sunansa bai taɓa fitowa a rubuce ba. Fuskarsa ma ba ta taɓa tsayawa har a gane ta ba, sai ƙeya, sai ƙafa.

Rana ɗaya ce aka ce masa, "Yau kyamara fuskarka za ta kalla."

Har rawa ya yi don murna. Ga abin da ta haifar.

Aka taɓa kwaɗo.

Malam Sa'idu ya shigo ya mai da ƙofa. Farar jallabiya, carbi a hannu. Bai zauna ba.

"Ka sha ruwa?"

"Yaya, ka hwaɗa musu aikina."

"Na hwaɗa."

"Ka hwaɗa da ƙarhi. Yadda kake huɗuba."

"Na ce musu ɗan wasa ne kai. Ka san mi babbansu ya ce min, yaron nan Mujahid? Ya ce, Maulana, ba kai ne ka ce muna direban kamfani ne ba? Wacce za mu ɗauka, ta jiya ko ta yau?"

Bilyamin ya sunkuyar da kai.

Gaskiya ce. Tun ranar da ya fara wasa mahaifinsu ya ce jikan waɗanda suka baro Sakkwato a ƙasa saboda addini ba zai zama abin kallon mutane ba. Aka rufe maganar a cikin gida. Duk wanda ya tambaya, direba ne. Shi ma ya taya su. Kowace Sallah sai ya zo hilla yana kaɗa tarin makullai a yatsa, shi da ko keke da ƙyar yake hawa.

"Ku kun ka ce in ɓoye," in ji Bilyamin.

"Mu mun ka ce ka tahi ka zama gawa?"

"Gawa ba ta cutar kowa, Yaya."

"Ga ta nan ta cutar." Malam ya share gumi da bakin rawani. "Mai shirya wasan hwa? Ba ka da lambarshi?"

"Wayata an karɓe ta a hanya ranar da na gudo. Shi kuma wasu sun ce shina Masar, wasu sun ce ya rasu."

"Sauran abokan aikin naka?"

"Kowa ya kama gabanshi. Ko da suna nan ma, wa ya san sunana? Gawa suke kirana."

Malam ya ja carbi, ya ja. Sannan ya yi magana yana kallon buhunan, ba ƙanensa ba.

"Matar nan mai koren tob. Wace ce?"



Bilyamin ya san ko wace ce. A daidai lokacin ma yana jin ƙarar muciyarta a madafa, bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Ban sani ba. Kumbars ce irina. An kawo ta da sahe, ta tahi da marece."

"Ko sunanta?"

"Ko sunanta."

"Ko sun buge ka, haka za ka ce?"

Bilyamin ya ɗago kai. Wace irin tambaya ce wannan?

"Abin da ban sani ba, ban san shi ba, Yaya."

Malam ya sauke numfashi. Kafaɗunsa suka kwanta kamar wanda aka ɗauke wa buhu.

"Allah shi ne mai hitarwa," ya ce. Ya fita. Kwaɗo ya koma wurinsa.

*

Bayan azahar wani hannu ya leƙo ta ramin tagar da kisra, wainar dawa mai faɗi, a naɗe cikin kwano. Hannun yana da tabon ƙuna, dogo, daga wuyan hannu ya yi sama.

Hadizatu ce, matar Malam.

"Ɗan wasa," ta ce ƙasa-ƙasa, "yau wane wuri aka ba ka?"

"Gawa. Kin san ni ba na canja aiki."

Ta yi dariya kaɗan. Dariyar ba ta kai ko'ina ba.

"Ka ci."

"Ki bar wurin nan, Maman Malak. In Yaya ya dawo masallaci ya gan ki..."

"Malam ya sani."

Kwanon ya kusa suɓuce masa.

"Ya san mi?"

"Ya san ni ce."

"Wa ya gaya mishi?"

"Bilya, mutum zai zauna da mace shekaru bai san kukanta ba? Tob ɗin nan ma shi ya saya min shi a kasuwar Sinja, da na haihi Malak. Ranar da aka nuna mishi hoton a ƙohwar masallaci ya shigo gida. Ya kama hannuna ya juya. Ya kalli tabon. Ya ce, wannan ne kika ce min wajen yin kisra kika ƙone?"

Bilyamin ya zauna a kan buhu. 

Ashe tambayar ɗazu ba neman sani ba ce. Gwada bakinsa aka yi, a ga ko zai yoyo.

Wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya san matar da ake cewa an kashe tana tuƙa masa abinci. Ya san ba a kashe kowa ba. Kuma zai ja sallar la'asar ya juyo ya miƙa shi.

"Na ce mishi zan hita in gaya musu," Hadizatu ta ce.

"Ya ce mi?"

"Ya ce matar liman ba ta rawa gaban kyamara. Ya ce in mutane sun ji, ba mai sake bin shi salla, sunan gidanku ya mutu. Sannan ya ce, in na taka dokin ƙohwar gidan nan yau, ya sake ni. Saki uku."

"Ya hurta?"

"Ya hurta. Gaban tsohuwarku Iya. Ita ba ta san dalili ba, ta ɗauka hwaɗan gida ne."

"To ki zauna."

"Su tahi da kai?"

"Ba lalle su kashe ni ba. Za su bincika."

"Wa aka kai ya dawo?"

Ya kawar da kai.

"Gaya min mutum ɗaya, Bilya."

"Malak hwa?" ya ce. "Kin yi tunaninta?"

"Ya ce ɗiyarshi ba inda za ta."

"Danginki na Dinder kuma yaƙi ya watse su. Ko wayar mutum ɗaya ba ki da. In kin hita, ina za ki? Gindin itace?"



Bilyamin ya matso bakin ramin. Idonta ɗaya kawai yake gani da gefen goshi.

"Ni na jawo miki. An kawo Iya Umdurman aikin ido, an ce ki yi jinya, ni kuma na ɗauke ki na kai ki wurin wasa."

"Ƙarya kake. Ni na roƙe ka."

"Da na ƙi."

"Ka ƙi mana. Sai da na bi ka har bakin titi." Muryarta ta sauya, ta yi laushi. "Kallo kawai na je yi. Sai wadda za ta yi wurin ta ƙi zuwa, mai shirya wasan, mutumin nan mai hula, yana ta ihu. Ya dube ni ya ce, ke, kin iya hwaɗuwa? Ba za a ga huskarki ba, ba za ki yi magana ba."

"Kika yi magana."

"Wa ya ce a sa garwashin gaske a murhu? Na ce wayyo Inna ban san na ce ba. Shi kuma ya tashi yana yi min tahi, wai bai taɓa jin kuka mai kyau irin wannan ba." Ta ja hanci. "Tun ina makaranta ni ake ba wuri in za a yi wasa. Aka cire ni, maganar ta mutu. Rana ɗaya na yi abin da raina ke so, Bilya. Ɗaya. Ban yi nadama ba, ko da hannuna ke tashi."

"To ki riƙe ranarki ki bar min tawa. Ki rantse ba za ki hita ba."

"Ka ci kisrarka kahin ta bushe."

"Maman Malak. Ki rantse."

"Tukunyata tana kan wuta."

Idon ya ɓace daga ramin.

*

Ana sallame la'asar motar samarin ta tsaya a ƙofar masallaci.

Malam da kansa ya buɗe kwaɗon. Ba su kalli juna ba. 

Gidan liman yana kallon masallaci ne, fili ne kawai tsakani. Filin ya cika. Maza a gindin dogon yaro, mata suna leƙe ta kan zana. Waɗanda suka sha shayi da shi makon jiya, yau ba mai haɗa ido da shi.

Mujahid ya sauko daga mota. Yaro ne, a gaban Bilyamin aka haife shi. Amma yaƙi ya ci ƙanwarsa Sabah, an harbe ta a tsakar ɗakinta, tun ranar ba a sake ganin haƙorinsa ba. Hausarsa ma ba ta cika ba, sai ya haɗa da Larabci.

"Ya ammi, baffa," ya ce, "kana da magana kafin mu tafi?"

"Wasa ne, Mujahid. Jinin nan ni na dama shi da hannuna. Zoɓo ne da ƙaro."

"Maulana ya ce kai direba ne."

"Ga motarka nan. Ba ni makulli. In na iya motsa ta daga nan zuwa bishiyar can, ka harbe ni a wurin."

Wasu yara suka yi dariya. Wani dattijo ya daka musu tsawa.

"Rashin iya tuƙi ba shaida ba ne," in ji Mujahid. "Waɗanda suka kashe Sabah ma ba duka suka iya tuƙi ba."

Ya ɗaga waya sama ya kunna. Filin ya yi tsit. Aka ji bugun ƙofa. Aka ji ihun Bilyamin da Larabci. Aka ji faɗuwa.

"Wayyo Inna, hannuna."

Wata tsohuwa a bayan zana ta fashe da kuka.

"Ka ce wasa ne," Mujahid ya ce. "Tamam. To tana raye ke nan. Ba ni sunanta. Ba ni garinsu. Wallahi ni da kaina zan je in gan ta, in dawo in sumbaci kanka gaban jama'a."

Bilyamin ya waiwaya ya dubi wansa.

Malam Sa'idu na tsaye a bakin masallaci, idonsa a kan carbi.

Suna ɗaya ne. Yana bakin harshen Bilyamin.

"Ban san ta ba," ya ce.

"Halas. Ku ɗaure shi."

Suna cikin ɗaure masa hannu ta baya ne ya hango kore.

Can a zauren gidan liman, daga ciki. Tob ne kore, an rufe fuska da shi. Ta tsaya daidai dokin ƙofa. Yatsun ƙafarta suna taɓa itacen, ba ta ƙetare ba tukuna. Ba wanda ya gan ta sai shi, kowa shi yake kallo.

Ya girgiza mata kai.

Ba ta koma ba.

Ya sake girgizawa.

Ta ɗaga ƙafa.

Abu ɗaya ya rage masa, abin da ya iya. Bilyamin ya buɗe ƙirji, ya kawo muryar nan ta cikin hoton, ya yi tsawa har kajin da ke gindin bishiya suka watse.

"Ni na kashe ta."

Filin ya ɗauka.

"Ni na harbe ta, in kuma ta dawo in ƙara. Ba wasa ba ne. Ƙarya nake. Mi kuke jira? Ku sa ni a mota mu tahi."

Ya zare ido. Ya tofa miyau a ƙasa. Duk zamansa na Umdurman bai taɓa yin wasa mai kyau kamar wannan ba. Maza suka yunƙuro, wani ya cire takalmi ya jefe shi a baki. Mujahid ya damƙi wuyan rigarsa yana ja zuwa mota, shi kuma yana sauri ya fi mai jan nasa.

Saura kaɗan ya kai.

"Wayyo Inna, hannuna."

Ba daga waya ta fito ba.

Mujahid ya duba wayar a hannunsa. A kashe take.

Mutane suka juya. Suka dare biyu. Mai koren tob tana tsakiyar fili, ba takalmi a ƙafarta. Zauren gidan liman yana bayanta.

Wani ya ce, "A'uzu billahi," ya ja da baya har ya taka na bayansa.

Ta zo gaban Mujahid ta tsaya. Ta yaye fuskarta.

"Matar Maulana," wani ya ce a hankali. Maganar ta bi fili baki-baki har bayan zana.

"Ni ce ya kashe," in ji Hadizatu. "Ga ni."

"Ƙarya take," Bilyamin ya ce. "Tausayina take ji. Ki koma gida."

"Yi shiru, gawa. An gama wurinka."

Ta naɗe hannun riga ta miƙa wa Mujahid hannunta.

"Kunna hotonka. Ka duba inda hannu ya taɓa murhu."

Ya kunna. Ya tsayar. Ya kalli waya, ya kalli tabon. Ya sake kunnawa.

Ta kama gefen tob ɗin ta buɗe. Ga hujin da garwashi ya yi, bakinsa baƙi. Ga wani babban tabo a ƙirjin tob ɗin, ya koɗe amma bai fita ba.

"Kai ka ga jini, ɗana. Ka ga na ƙanwarka, Allah ya jiƙanta. Jini in ya tsuhwa a tuhwa wane launi yake yi?"

Mujahid ya ƙura wa tabon ido.

"Baƙi-baƙi," ya ce.

"Wannan hwa?"

Shuɗi-shuɗi ne da ja, irin wanda kowace mace a hilla ta sani a rigar ɗanta ranar Sallah.

Wata daga bayan zana ta ce, "Wallahi zoɓo ne."

Mujahid ya saki wuyan rigar Bilyamin.  Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar da kansa.

"To me ya sa ka ce kai ka kashe ta, ya ammi? Da na kai ka. Da na ɗauki jininka a wuyana."

Bilyamin kuwa, Hadizatu yake kallo, da ƙafafunta a cikin ƙura.

Mujahid ya bi idonsa. Ya kalli matar, ya kalli zauren da ta fito. Sannan ya juya a hankali wajen masallaci.

"Maulana."

Malam Sa'idu bai ɗago ba.

"Ni na nuna maka hoton nan da hannuna. Ka ce in maimaita, na maimaita. Ba ka gane muryar matarka ba?"

Ba tari, ba motsi. Har carbin ya tsaya.

"Ba ni da mata a wurin nan," in ji Malam. "Ta san sharaɗin da na gindaya mata."

Sai da ya faɗa sannan ya ji abin da ya faɗa.

Dattijon da ya daka wa yara tsawa ɗazu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Sharaɗi, Malam? Ashe ka sani?"

Malam ya juya ya shige masallaci. Ba wanda ya bi shi.

Mujahid ya matso kusa da Bilyamin ya rage murya.

"Mu mun sake ka. Amma hoton nan yana wayar kowane shinge daga nan har Madani, kuma su ba su ga zoɓo ba. Kada ka wuce ƙarshen hilla. Ko gona kada ka je. In wasu suka kama ka, ba ni da abin yi."

Ya shiga mota. Bai sumbaci kan kowa ba. Suka tafi.

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya ce wa Bilyamin yi haƙuri. Matan da ke bayan zana, waɗanda Hadizatu ta yi wa wankan jego, ta yi wa girkin biki, ba wadda ta ce mata zo ki zauna. Kallonta suke kamar yau suka fara ganinta.

"Na ce ki zauna," Bilyamin ya ce. Leɓensa na jini inda takalmi ya same shi.

"Ka yi wasa mai kyau," ta ce. "Har ni na kusa yarda."

Ta juya ta nufi gida. Ƙafa ce ta saba. Yana biye da ita.

A bakin zaure ta tsaya cak.

Iya na tsaye daga ciki, tana lalube da sanda, idonta bai taɓa komawa daidai ba tun aikin Umdurman. A ɗaya hannun tana riƙe da takalman Hadizatu. Ta miƙo su waje. Hawaye na bin kumatunta.

"Gaban kunnena ya hurta, ɗiyata. Uku ya ce. Ba ni da ikon ce miki shigo."

Hadizatu ta karɓi takalman. Ba ta sa ba.

Daga tsakar gida ƙaramar murya ta taso.

"Mama, zo. Tukunya tana hayaƙi."

Ƙauri ya riga ya cika zauren, ya fito har fili.

"Mama, kina ina?"

Hadizatu na tsaye, takalma a hannu, dokin ƙofa a gaban yatsunta.

"Kira kakarki ta sauke, Malak," ta ce. "Ni ba a gidan nan nake ba."